MUSHE FIRENE, TSOHON SOJAN DA YA ZAƁI AJIN ƘAUYE



A wannan fitowa mun keɓe wasu shafuna domin mu kawo muku tarihin wani mutum da ya daɗe da barin duniya. Bafaranshe ne, malamin lakwal na ƙauye, tsohon soja mai rauni a ƙirji, wanda bai taɓa riƙe muƙamin minista ko gwamna ba. Sunansa Célestin Freinet, ana faɗin sunan Selestan Firene, mu kuwa za mu riƙa ce masa mushe Firene kamar yadda muke kiran malaman lakwal a nan. Mu da muka bi ta makarantar horon malamai mun fara jin sunansa a darasin dabarun koyarwa, sai dai a can dabarun kaɗai aka nuna mana. Daga baya da muka bibiyi rayuwarsa, sai muka ga akwai abin da ya shafi duk mai ɗa a lakwal da duk mai zuba kuɗi a asusun ƙungiyar gari. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin tun daga tushe.

YARON DUWATSU

An haife shi ran 15 ga watan Oktoba na 1896 a Gars, wani ɗan ƙaramin ƙauye cikin duwatsun kudancin Faransa, a jihar da babban birninta shi ne Nis. Iyayensa talakawan manoma ne. Ƙasar tasu ta duwatsu ce, ga sanyi, ga wuyar hanya, don haka yaro tun yana ƙarami yake shiga aikin gida. Firene ya yi kiwo, ya yi aikin gona, kuma har ya tsufa misalansa na makiyaya ne da manoma.

Akwai abin da zai ba wasunku mamaki. A ƙauyen su Firene ba Faransanci ake yi a gida ba, suna da harshensu na yankin. Sai yaro ya shiga lakwal sannan ake tilasta masa Faransanci. Wannan abin wuya da manyanmu suka sani da sunan sambol, wanda ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi Hausa a filin lakwal, an daɗe ana ba da irinsa ga ƴaƴan manoman Faransa kafin ya iso nan. Ke nan ya san yadda yaron ƙauye ke ji idan ya zauna gaban littafin da ke maganar wata duniya dabam da wadda ya baro a ƙofar aji.

Duk da haka ya yi ƙoƙari. Ya ci jarrabawar sartifika, ya wuce Grasse, garin masu haɗa turare, ya ƙara karatu. A 1912, yana ɗan shekara 16, ya shiga makarantar horon malamai ta Nis. Bai kai ga gama ta yadda aka tsara ba, domin a 1914 yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Aka kwashe malamai zuwa fagen fama, shi kuma aka tura shi wani ƙauye mai suna Saint-Cézaire ya riƙe ajin wani da aka ɗauka soja. A watan Afrilu na 1915 shi ma aka kira shi.

HARSASHI A HUHU

An horar da shi a matsayin ƙaramin hafsa, aka tura shi ramukan yaƙi na arewacin Faransa. Ran 23 ga Oktoba na 1917, a wani tudu da ake kira Chemin des Dames, harsashi ya shige shi a huhu. Wannan wuri bai kamata sunansa ya zama baƙo gare mu ba. A watan Afrilu na wannan shekarar, a kan tudun nan, dubban sojojin da aka ɗebo daga ƙasashen Afirka ta yamma suka hallaka cikin sanyi da ruwan harsashi. Tsofaffin sojojinmu da ƴaƴansu sun san abin da ake nufi da a kai mutum yaƙin da bai san mafarinsa ba.

Firene ya yi wajen shekara biyu yana jinya daga wannan asibiti zuwa wancan. Da ya tashi, hukuma ta ƙiyasta nakasarsa kashi 70 cikin 100, aka ba shi lambobin yabo na soja. A 1920 ya fitar da wani ɗan littafi a kan abin da mai rauni ke gani tun daga faɗuwarsa har kwanciyar asibiti. Babu kirari a ciki, wahala ce kawai ya bayyana. Ya fito daga yaƙin da ƙinsa a zuciya, da kuma wani tunani da bai rabu da shi ba: lakwal da ke koya wa yaro yin shiru da bin umarni ido rufe, ita ke shirya mutanen da za a kora mahallaka ba su ce uffan ba.

Mutum mai irin wannan rauni yana iya neman aikin zama a ofis, ko ya koma gida ya riƙa karɓar fansho, ba mai ganin laifinsa. Shi kuwa sai ya nemi a ba shi aji.

AJIN BAR-SUR-LOUP

Ran 1 ga Janairu na 1920 ya kama aiki a lakwal ɗin maza ta Bar-sur-Loup, wani ƙauye kusa da Grasse. Kowa ya san yadda aji yake a wancan zamani, domin irinsa aka kawo mana: mushe na tsaye a kan dakali yana ta magana da ƙarfi, yara na maimaitawa, wanda ya motsa ya sha bulala ko ya durƙusa. Wannan aiki na mai cikakken numfashi ne. Firene idan ya yi magana na ɗan lokaci cikin ƙurar alli sai numfashinsa ya ɗauke. Shi da kansa ya sha bayyana cewa raunin nan na cikin abubuwan da suka tilasta masa neman wata hanya.

Abin da ya fara yi mai sauƙi ne. Da rana sai ya fita da yaran cikin gari. Su tsaya wajen maƙeri, su leƙa wajen kafinta, masaƙi da mai gashin burodi, su gangara bakin rafi, su kalli masu tsinkar zaitun. Yara na tambaya, masu sana'a na amsawa. Da sun koma aji sai a rubuta abin da aka gano a allon bango, a karanta, a yi lissafi a kai. Nan ya lura da cewa yaron da ke hamma gaban littafin karatu, idanunsa na buɗewa idan rubutun na maganar maƙerin da ya gani ɗazu. Matsalar ita ce da an goge allo rubutun ya tafi, sai a koma littafin hukuma, barci ya dawo.

Bai ɗauki kansa wanda ya san kome ba. Da ɗan albashinsa ya riƙa sayen littattafai, lokacin hutu kuma ya yi tafiye-tafiye. A 1922 ya je Hamburg ta Jamus ya ga wasu makarantu masu sabon tsari. A 1923 ya halarci babban taron masana ilimi a Montreux ta ƙasar Suwis. Ya ƙaru da su, amma ya lura da cewa yawancin makarantun da ake yabo na ƴaƴan masu hali ne, masu kayan aiki da yara kaɗan a aji. Abin da yake nema shi ne dabarar da za ta yi aiki a ajin talakawa, inda ba kuɗi.

A wannan shekarar ta 1923 ya ci wata jarrabawa da ta ba shi damar koyarwa a makaranta ta gaba da firamare, aka ba shi wuri a garin Brignoles. Ci gaba ne, ga ƙarin albashi, ga zaman birni. Ya ƙi, ya koma wajen yaransa na Bar-sur-Loup. Mu malamai mun san nauyin wannan zaɓi, domin mun san yadda takardun neman canjin wuri ke taruwa kowace shekara a teburin sufeto, kusan dukansu daga ƙauye zuwa birni.

INJIN ƊAB'I A HANNUN YARA

A watan Oktoba na 1924 ya shigo aji da wani ɗan ƙaramin injin buga takardu na hannu, tare da akwatin haruffan dalma. Ga yadda aikin ke tafiya. Yaro ya zo da labarinsa, wanda ba a ce masa ga abin da zai rubuta ba: haihuwar akuya, faɗan da aka yi a hanya, mafarkin da ya yi. Masu labari su karanta, aji ya ɗaga hannu ya zaɓi ɗaya. A rubuta shi a allo, a gyara kurakurai tare, a nan ne darasin nahawu da rubutu ke shigowa. Sannan yara su tsinci haruffa ɗaya bayan ɗaya su jera su layi layi, a shafa tawada, a ɗora takarda, a danna. Kowa ya samu shafinsa, ya haɗa da na jiya, har ya zama littafi, wanda suka sa wa suna Littafin Rayuwa.

Yaron da ya san za a buga rubutunsa, uwarsa da maƙwabta za su gani, ba ya yarda ya bar kuskure a ciki, ko da mushe bai ɗaga murya ba. Wanda kuma ya jera haruffa da yatsunsa ya daina ganin bugaggen rubutu kamar abin da ya faɗo daga sama, ya gane mutum ne ya rubuta, kuma ana iya tambayar ko gaskiya ya faɗa.

Daga nan sai wasiƙu. Wani malami mai suna René Daniel, da ke koyarwa a Trégunc, a bakin teku can yammacin Faransa, tafiyar fiye da kilomita 1000, shi ma ya sayi injin. Tun daga 1926 azuzuwan biyu suka shiga aika wa juna shafukansu ta gidan waya. Ƴaƴan masunta suka san zaitun da lemo, ƴaƴan duwatsu suka san jirgin ruwa da kamun kifi. Har ƙunshin abinci suka riƙa aika wa juna. Labarin ƙasa da ake haddacewa da ƙyar sai ya zama labarin aboki.

Firene yana da wani misali da ya shahara da shi, na dokin da ba ya jin ƙishirwa: kome jan da aka yi masa zuwa kwalo ba zai sha ba, amma a bar shi ya ci ciyawa ya ƙoshi, da kansa zai nemi ruwa. A ganinsa aikin malami na farko shi ne ya sa yaro ƙishirwar sani.

BAYAN AN TASHI DAGA LAKWAL

Da a aji kaɗai ya tsaya, da ba mu kawo tarihinsa a takardar ƙungiya ba. Da yamma idan ya sallami yara, sai ya shiga sha'anin gari. Ya tara mutanen Bar-sur-Loup suka kafa ƙungiyar gama kai ta saye da sayarwa mai suna Abeille baroise, wato ƙudan zuman Bar, domin talaka ya samu kayan masarufi da rangwame, manomi kuma ya sayar da amfaninsa ba tare da ƴan tsakiya sun cinye ribar ba. Ya sa hannu cikin haɗa kan mutanen karkara don a kawo wutar lantarki. Yana kuma cikin sandikar malamai, yana rubutu a jaridunta. Duk wannan ba a biyansa ko sisi. Abin da ya gane shi ne yaron da ke gabansa da safe daga wani gida ya fito, kuma idan bashi da yunwa sun danne gidan, ba dabarar koyarwar da za ta ɗaga yaron ita kaɗai.

A 1925 ya bi tawagar malamai zuwa Tarayyar Sobiyet, daga baya kuma ya shiga jam'iyyar kwaminis ta Faransa, kamar yadda talakawa da malamai da yawa na zamaninsa suka yi. A 1926 ya auri Élise Lagier-Bruno, malama kuma gwanar zane. Wanda zai ba da tarihin Firene ya manta da wannan mata bai yi adalci ba. Ita ta kula da fannin zanen yara da lafiyarsu, ita ta riƙe gida da aiki duk lokacin da aka ɗauke shi, ita ce kuma ta rubuta tarihin tafiyar tasu. Sun haifi ƴa ɗaya, Madeleine, a 1929.

Malaman da suka ji labarin injin suka yi ta rubuto masa, shi kuma yana amsa wa kowa. A 1927 suka yi taronsu na farko a birnin Tours, suka fara fitar da wata mujalla ta rubuce-rubucen yara mai suna La Gerbe, wato dami, don kowace lakwal na kawo nata zangarniyar a ɗaure tare. A 1928 suka kafa ƙungiyar gama kai ta malamai, kowa ya zuba hannun jari, suna ƙera kayan aiki da kansu suna sayar wa juna da araha: injina, haruffa, katunan darasi da yaro zai yi aiki da su ya duba amsarsa da kansa, da jerin ƙananan littattafan bincike da suka fara fitowa a 1932. Ga lakwal ɗin da ba ta da kuɗin injin haruffa, sun yaɗa wani sassauƙan abin buga takarda na katako da kyalle da takardar kaki, ɗan uwan injin da ƙungiyoyin garuruwa irin tamu suka daɗe suna buga takardunsu da shi.

RIKICIN SAINT-PAUL

A 1928 aka mai da shi Saint-Paul, kusa da garin Vence. Gari ne mai kyan gani da baƙi masu kuɗi ke zuwa shan iska, amma lakwal ɗin maza ta lalace. Yara sun fi kujeru yawa, makewayi ya cika, shara ma sai mushe da yara ke yi. Yawancin ɗaliban ƴaƴan masu noma gonar wani ne, da yawa kuma iyayensu baƙi ne daga Italiya. A dokar Faransa gyaran ginin lakwal na wuyan magajin gari. Firene ya yi ta kai kuka, da bai ga gyara ba ya kai ƙara gaba. Daga nan gaba ta shiga tsakaninsa da magajin gari da manyan da ke bayansa.

Sai aka samu abin kamawa. Wani yaro ya rubuta mafarkin da ya yi, inda yara suka yi faɗa da magajin gari a kan kayan karatu har aka kashe shi, kuma aka buga labarin a jaridar aji kamar sauran. A farkon watan Disamba na 1932 aka wayi gari an manna wannan rubutu a bangayen gari, ana cewa ga abin da mushe ke koya wa yara. Jaridun Paris masu adawa da ra'ayinsa, musamman L'Action française, suka ɗauki maganar suka yayata ta a ƙasa duka. Aka matsa wa iyaye su janye ƴaƴansu, kuma wanda ke noma gonar wani bai da bakin ƙi. Gari ya rabu biyu.

Ran 24 ga Afrilu na 1933, ranar komawa daga hutu, taron mutane ya yi wa lakwal ƙawanya, ana ihu, ana dukan tagogi, yara ƙalilan da iyayensu suka tsaya da shi suna ciki. Firene ya fito tsakar gida da ƙaramar bindiga a hannu, ya hana kowa shiga. Ba a yi harbi ba, amma aikin gama ya gama. A watan Yuni hukuma ta ba da umarnin a ɗauke shi daga garin. Ya karɓi hutun jinya, kuma bai sake koyarwa a lakwal ɗin gwamnati ba.

Ba mu ce ba shi da laifi ko kaɗan ba. Mai hankali zai iya cewa da ya bar wannan mafarki a cikin aljihun tebur, kuma bindiga a lakwal ba abin koyi ba ce. Amma a duba mafarin rikicin: makewayi ne da kujeru. Abin da zaman sa'a guda tsakanin manyan gari da malami zai kashe, shi ya zama fitinar da ta raba gari. Manyan suka yi nasara, ƴaƴan talakawan Saint-Paul suka rasa malaminsu.

LAKWAL A KAN TUDU

Bai zauna yana kuka ba. Shi da matarsa suka samu fili a kan wani tudu mai suna Pioulier a Vence. Da bashi, da gudummawar abokai, da hannuwan masu aikin sa kai, har da nasa duk da raunin ƙirji, suka gina lakwal ta kwana wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1935. Ɗalibanta na farko sun haɗa da ƴaƴan leburori daga unguwannin gefen Paris da ƴaƴan Yahudawan da suka gudo daga mulkin Hitila. A 1937, da yaƙin basasa ya yi tsanani a Spaniya, suka karɓi yaran da suka tsero, wasu marayu, alhali kuɗin abinci ma da ƙyar ake haɗa shi. Jaridar lakwal ta koma fita da harsuna biyu don baƙin su ma su samu bakin magana.

Tsarin wannan lakwal zai yi wa ƴan ƙungiya daɗin ji. Ran Litinin kowane yaro na tsara aikin da ya ɗaukar wa kansa na mako. A bango akwai babbar takarda inda kowa ke rubuta abin da ya yaba, abin da ya soka da abin da yake so a yi, kuma dole ya sa sunansa. Ƙarshen mako a yi taro, yaro ne shugaba, yaro ne ma'aji, a karanta takardar, a tattauna, a duba asusu. Mushe na zaune cikinsu, shi ma ana iya sukarsa. Akwai lambu, akwai aikin katako da na gini. Yaron da ya tashi a haka, ranar da aka damƙa masa asusun jama'a ya san ana ba da lissafi.

A shekarun nan kuma ya riƙa zagaya ƙauyukan jihar yana taimakon ƙananan manoma su kafa ƙungiyarsu.

YAƘI NA BIYU

Ran 20 ga Maris na 1940 hukumar Faransa ta kama shi saboda ra'ayinsa na siyasa, ƙasar da ya ba rabin numfashinsa. Aka rufe lakwal. Ya yi wata 19 ana yawo da shi daga wannan sansanin tsaro zuwa wancan, lafiyarsa ta taɓarɓare ƙwarai. Ko a can bai bar hali ba, ya shirya darussa, ya koya wa manyan da ba su iya karatu ba. A ƙarshen Oktoba na 1941 aka sake shi, da sharaɗin ya zauna a Vallouise, cikin manyan duwatsu, ƙarƙashin idon hukuma. A wannan zama ne ya rubuta manyan littattafansa, ciki har da wanda ke bayanin tarbiyya ta hanyar aiki.

A 1944 ya shiga daji wajen masu yaƙin ƙwatar ƙasa daga hannun Jamusawa, yana ɗan shekara 47. Da aka kori abokan gaba, ya zama ɗaya daga cikin ƴan kwamitin da ya riƙe al'amuran jihar a garin Gap, kuma aikin da ya ɗauka shi ne buɗe gidan kula da yaran da yaƙi ya tagayyara.

SHEKARUN ƘARSHE

Bayan yaƙi ya iske kayan ƙungiyarsu sun watse, sai aka sake farawa. A 1947 suka kafa cibiyar malamai ta sabuwar lakwal, wadda ake taƙaita sunanta ICEM. A 1949 aka yi sinima a kan rayuwarsa mai suna L'École buissonnière, sunansa ya ƙara bazuwa. Sai kuma ga sara daga inda bai zata ba: daga 1950 masanan jam'iyyar kwaminis suka yi shekaru suna sukarsa a jaridunsu, har suka rabu ɗungum. Ke nan ya sha duka daga ɓangarorin siyasa biyu. Shi ma dai mutum ne mai taurin kai, kuma wasu daga cikin abokan aikinsa sun bar shi a kan saɓani. A 1957 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin malamai masu bin tafarkinsa ta ƙasashen duniya.

Ya rasu ran 8 ga Oktoba na 1966 a Vence, saura mako guda ya cika shekara 70. Aka kai shi Gars, ƙauyen da aka haife shi, aka binne shi can. Matarsa ta ci gaba da aikin har ta rasu a 1983. A 1991 gwamnatin Faransa, wadda ta taɓa korarsa daga aji, ta sayi lakwal ɗin Vence ta mai da ita tata domin a kiyaye tsarinta. A nahiyarmu ma irin ya tsira: malaman Senegal sun kafa ƙungiyarsu a 1989, kuma babban taron malaman duniya masu bin wannan hanya ya zauna a Senegal a 2006, ya zauna a Benin a 2016.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu kawo wannan tarihi don a ce kome na Turawa shi ne daidai ba. Ƙasarsa dabam, zamaninsa dabam, akwai kuma ra'ayoyinsa da ba namu ba. Abin da muka gani a ciki shi ne mutum ɗaya, a gari biyu. A Bar-sur-Loup maƙeri ya buɗe masa maƙera, manoma suka zauna da shi suka kafa ƙungiya, sai aikin da ya fara a ɗan aji guda ya kai ƙasashe. A Saint-Paul manya suka juya masa baya a kan gyaran makewayi, sai garin ya yi asara. Malamin bai canza ba, garin ne ya bambanta.

Don haka muna roƙon iyayenmu dattawa, ranar da mushe ya zo da yara bakin maƙera, ko marina, ko wajen masu haƙar rijiya, a karɓe su, a amsa tambayoyinsu, domin abin da ke kanku ba ya cikin littafin da aka bugo daga waje. Idan kuna da ƙorafi a kan malami, ku kira shi zaure a yi magana ido da ido kafin takarda ta tafi wajen sufeto. Ku kuma ƴan uwa da ke ci-rani, mun san kuna aiko da kuɗin kaye da alƙalami, Allah ya saka. Ku ƙara da wasiƙa zuwa ga aji, ku gaya wa ƙannenku yadda tashar jirgin ruwa take, nawa ake sayar da tiyar gero inda kuke, wane harshe ake yi a kasuwa. Za su karanta ta fiye da yadda suke karanta kowane littafi, kuma za su ba ku amsa da hannunsu.

Mu malamai kuwa namu ya fi nauyi. Mutumin nan da huhu ɗaya da rabi ya yi abin da ya yi, mu da Allah ya bar mana namu cikakku sai mu duba abin da muke yi da yammacinmu bayan an tashi daga lakwal.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka, ya maido da matafiya gida lafiya. Sai fitowa ta gaba.